Na Je Raba Rukayya da Littattafan Ireland

St. George

Ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba, na bar gida da takardar shiga makarantar koyon jinya a aljihuna. Niyyata in kai wa 'yata Rukayya ita, in raba ta da karatun da ta ɗauko, wai tarihin malaman Ireland na sama da shekara dubu da suka wuce. Ni dai ban ga yadda wannan zai ciyar da ita ba, ga shi ranar Juma'a za a rufe karɓar takardun. Jirgin ruwan ƙarfe shida ya tsallaka da mu daga unguwarmu St. George zuwa Manhattan, tsakiyar birni, cikin minti ashirin da biyar.

Harlem

Bakwai da rabi jirgin ƙasa ya sauke ni a unguwar Harlem. Na tsaya shagon Hajiya Ladi, 'yar garinmu Kumasi, na sha koko da ƙosai. Da ta ji abin da ya kawo ni, sai ta ce in fara ganin karatun kafin in yanke hukunci. Na ce ai ku mata bakinku ɗaya.

Laburaren Jami'a

Ƙarfe tara Rukayya ta shigar da ni, ta buɗe mini hoton wani tsohon shafi. Manyan layukan Latin ne, harshen addininsu, a tsakani kuma ƙananan rubutu kamar tururuwa. Da Turanci ta yi bayani, yadda ta saba amsa mini: masu karatun ne ke rubuta ma'anar kalma mai wuya da harshensu a jikinta, kuma ta nan aka san tsohon harshen nasu. A gefen shafi wani har ya koka da rashin kyan tawada.

Haka littafin fiƙihun mahaifina yake, Larabci a sama, Hausa da ajami a ƙasa, har da inda ya rubuta cewa man fitila ya ƙare. Shekara ashirin yana cikin akwatina, ban taɓa nuna mata ba. Da kunya na gaya mata.

Sai ta ce da Hausa, "Baba, koya mini ajami in karanta na Kaka."

Gida

Da la'asar na iso, takardar nan tana aljihuna yadda na fita da ita. Mahaifiyarta ta tambaya ko yarinyar ta sa hannu. Na ce ta taya ni sauko da akwati, Rukayya za ta zo darasi ranar Asabar. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na kuma gode wa Hajiya Ladi.