Tafiyata Abuja Don Kare Kujerar Gindin Mangwaro

Wambai zuwa Zuba

Ƙarfe biyar saura kwata na asubar wata Asabar, a tsakiyar bazara, na turo kekena daga gidana da ke unguwar Wambai a Suleja. Matata Hajara ta biyo ni har zaure tana cewa in na nutse kada a ce ba ta faɗa ba.

Ga dalilin tafiyar. Shekara goma sha tara ina zama a kujera guda a majalisarmu, wadda ke jikin mangwaro, inda rana ba ta kaiwa. Sai wani Sanusi, Bakano mai aikin ofis a Abuja, ya kama haya a layinmu, ya fara riga ni zama a kanta. 'Yan majalisa, da ba su da sana'a sai haɗa faɗa, suka yanke hukunci: akwai gasar da Sanusi ke shiga a Abuja, iyo da keke da gudu a jere. Mu je tare, wanda ya riga gamawa shi ke da kujera. Ni mai walda ne, shekarata arba'in da bakwai, amma na ce na yarda.

A-kori-kurar Ɗanladi na shiga, zai kai doya Abuja. Ya dubi kekena ya ce, "Malam Idi, gidan tarihi za a kai shi?"

Na ce, "Na ubana ne. Ja mota."

A shingen bincike bayan Madalla wani jami'i ya haska keken da tocila, ya ji inda za ni, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce mu wuce. A Zuba muka yi asuba, na sha koko da ƙosai na naira ɗari biyar. Kokon ruwa ne zalla.

Bakin tafki

Bakwai daidai muka isa. Na iske Sanusi cikin wasu baƙaƙen kaya masu matse jiki, sai ka ce tarwaɗa. Kekensa da yatsa ɗaya ake ɗagawa. Can gefen titi, a inuwar wata bishiya, wa zan gani bisa tabarma? Surukina, Alhaji Ɗanbaba na Gauraka, mahaifin Hajara, da kular kunun zaƙi a gabansa.

Sanusi ya ce, "Ni na biya na ɗauko shi. Ya kamata dattijo ya ga bajintar surukinsa."

Har godiya na yi masa. Haka nake da wauta wani lokaci.

Iyo mita ɗari bakwai da hamsin ne. A kogin Iku na koyi ruwa, inda ba a koyar da salo, dukan ruwa kawai ake yi har ya gaji. Na fito minti biyar bayan Sanusi, na sa riga da hula, na hau keke.

Keke, kilomita ashirin

Ashe titi guda ake zagayawa sau huɗu, kuma kowane zagaye sai an bi ta gaban tabarmar Alhaji. Nan na gane abin da Sanusi ya ƙulla. Duk ɗan Suleja ya san ba a gaida suruki daga kan keke. Na taka burki, na sauka, na jingine keke, na tuɓe takalmi, na durƙusa.

"Barka da hantsi, Baba."

"A'a, Idi. Ya Hajara? Ya yaran? Ya aiki? Ya zafin nan? Ungo, sha kunu."

Na sha. Zagaye na biyu na yi niyyar kau da kai, sai ya yi gyaran murya. Na sauka.

"Kai ne kuma? Ya hanya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Sha kunu."

A na uku ya tuna da ƙofar gidansa da na yi wa walda bara, wai tana ƙara. Ina durƙushe ina bayani Sanusi ya wuce kamar iska yana cewa, "A gaida Baba da kyau, Malam Idi." A na huɗu Alhaji bai ma tambayi komai ba, kofi kawai ya miƙo.

Gudu, kilomita biyar

Goma da rabi na ajiye keke. Rana ta buɗe, kwalta tana kama takalmi. Na riga na sallama kujera, ina ɗan sassarfa ne kawai don kada a ce na gudu daga gudu. Amma cikina da kunu kofi huɗu, kuma sau huɗu na huta a inuwa.

A kilomita ta huɗu na tarar da Sanusi zaune a kan kwalbati, masu ba da agaji suna kwara masa ruwa a ka. Baƙaƙen kayan sun dafa shi. Na tsaya, domin ni mai tarbiyya ne.

"Malam Sanusi, ya hanya? Ya zafin nan? Ya iyali?"

Ya ɗaga mini hannu yana haki. Na ce Allah ya sawwaƙe, na wuce. Sha ɗaya da minti ashirin na isa, ana naɗe tutoci. Aka rataya mini lambar yabo. Na ƙwanƙwasa ta, gwangwani ce.

Komawa gida

Motar Ɗanladi ta dawo da mu, Alhaji a gaba, ni da keke a baya inda doya ta tashi. Ƙarfe uku muka shiga Wambai. Bayan la'asar na nufi majalisa da gwangwanina a wuya, Alhaji ya ce zai bi ni ya ga kujerar da aka sha wa wahala. Ya gani. Ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya ce, "Kai, wurin nan da iska."

Tun daga ranar kullum sai ya hawo Keke Napep daga Gauraka. Wa zai ce wa suruki tashi?

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Ɗanladi da bai karɓi kuɗin keke ba. Wannan labari ma a kan bulo na rubuta shi, cikin rana, Sanusi na kan bulon da ke kusa da nawa yana riƙe mini takarda.