Dodannin Baffa Tanimu

Duk wanda ya bi ta layinmu a Tudun Wada bayan la'asar ya san Baffa Tanimu a kan dakali, tabarau a bakin hanci, manyan yatsu biyu suna ta dannar wata 'yar na'ura. Ka yi masa sallama, ba zai ɗago ba. "Wa alaikumus salam, dakata, ina farauta!" Dattijo da furfura, tsohon malamin sakandare, yayan mahaifina. Wallahi sau da yawa nakan zaga ta bayan layi in ina tare da abokai.

Ku da kuka yi karatu a hannunsa kun san laƙabinsa, Malam Ba-leƙe. In yana tsaron jarrabawa, ko tari ka yi sai ya buɗe tafin hannunka ya duba. "Mai satar amsa kansa yake yi wa fashi," haka yake cewa, har a wurin ɗaurin aure.

Na'urar kuwa a gwanjo ya saye ta bayan ya yi ritaya, a zatonsa kalkuleta ce. Da aka sa batir sai ga wani ɗan mutum yana yawo a daji yana kama ƙananan dodanni, yana kiwonsu, suna girma suna dambe. Matarsa Inna Hajara ta ce ya mayar.

"In mayar? Na saya, sai na ci moriyarta!"

Tun daga ranar ya zama makiyayi. Garkena, yake cewa. Akuyar gidan kuwa ko sunanta ya manta.

Akwai wani dodo da ya gagare shi kamu wata da watanni, har ya rame. Sai wani mai gyaran waya a unguwar Kongo ya haɗa shi da wata 'yar aba da ake maƙalawa tsakanin na'urar da kaset ɗin wasan. Ka danna wasu lambobi, dodon da kake so ya faɗo maka ba gumi. Inna ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Malam, wannan ba satar amsa ba ce?"

"Taki ne, Hajara. Manomin da ya sa taki ɓarawo ne?"

Takin nan ya yi aiki! Maimakon dodo sai ga ƙwai. Mai gyara ya ce ai sai an yi tafiya yake ƙyanƙyashewa. Shi ɗan mutumin cikin wasa yake nufi, Baffa kuwa bai tambaya ba. Ya sa na'ura a aljihu ya taka da ƙafa daga Tudun Wada har Hanwa cikin rana. Na gamu da shi a hanya ina cikin keke Napep, na ce, "Baffa, shigo mana."

"Wuce, Auwalu. Kwanci nake yi."

A gaban mutum uku da direba ya faɗi haka. Wata mata ta tambaye ni ko na san shi, na ce maƙwabci ne.

Da ƙwan ya fashe daga baya, abin da ya fito ba kai ba ƙafa, tarin ɗigo-ɗigo da alamar tambaya a tsakiya. Kwana kaɗan sai sunayen sauran dodannin suka rikiɗe suka koma rubutun aljanu, ƙwai kuma ya cika garke, duk inda ya buɗe ƙwai. Na ce ya cire abar. Ya ce wanda ya fara shuka ba ya gudun ciyawa, ya ƙara danna wasu lambobin, masu sa a ratsa bango wannan karon. Ɗan mutumin ya ratsa bangon kuwa, ya faɗa wani baƙin wuri ba gaba ba baya, kiɗan wasan ya koma kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Baffa ya ƙi kashewa, wai kada garke ya salwanta. Batir kawai yake ta canzawa da sauri.

To a makon ne aka sa ranar neman aurena, kuma shi ne zai yi magana a madadin mahaifina. Na roƙe shi ya bar ta a gida. Ya ce ya bari. Ni a waje na tsaya jikin tagar zaure, ina kasa kunne, don an ce waliyyin Maryam da zan aura, Alhaji Sani mai kayan lantarki, mutum ne mai tsauri.

Baffa ya fara bayani tiryan-tiryan, cewa gidanmu gidan gaskiya ne, ba a san mu da ha'inci ba. Yana gyara zama sai ya danne maɓallin ƙara. Ƙiiiii! Daga cikin babbar riga! Liman ya zabura. Baffa ya shiga lalube, na'ura ta sulluɓo ta faɗo tsakiyar tabarma, abar nan maƙale a bayanta.

Alhaji Sani ya ɗauka, ya juya ta, ya daɗe yana kallo.

"Malam, irin wannan na taɓa sayarwa. Ta maguɗi ce."

Ya matso kusa da Baffa.

"Ba ka gane ni ba ko? Sani Garba, aji biyar. Kai ka fitar da ni daga jarrabawar lissafi da kunne, saboda na rubuta amsa a cinya."

Ni dai na dafe kai. Na ce shi ke nan, Maryam ta tafi. Baffa ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya buɗe baki, na ji ya ce, "Ta..." sai ya haɗiye. Can ya sunkuyar da kai ya ce, "Maguɗi ne, Sani."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce shekara da shekaru yana jiran wannan rana, yau ya huce, sun ba mu yarinya.

Muka kama hanyar gida ni da Baffa. Muna isa ya cire abar ya jefa a masai, ya kashe na'urar ya kunna. Garke ya tafi kaf, ko ƙwai ɗaya bai rage ba. Ya soma daga farko da ɗan dodo guda. Daga nan har ya bar duniya bai yarda sun haɗa ido da Alhaji Sani ba. In ya hango shi a kasuwa sai ya shige shagon da ya fi kusa, ran nan har shagon kitso.

Ranar jana'izarsa kuwa Alhaji ne ya fara kama makara, ya ƙi sakin ta ga kowa har maƙabarta, hawaye yana bin gemunsa.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya rufa masa asiri a can, Ya sa ranar da za a buɗe na kowa a tarar da nasa fes. Amin.