Ruwan da Nevena Ta Zuba a Ƙofar Ma'aikatar Shari'a

A wajenmu, idan mutum zai fita zuwa wani babban al'amari, macen da ta fi girma a gidan ce take tsayawa a bakin ƙofa da 'yar tukunyar tagulla, ta zuba ruwa a gabansa, shi kuma ya taka ya wuce, domin al'amarinsa ya gudana kamar ruwan. Ba a tsallake wannan ruwa, ba a kuma kewaye shi. Wanda ya yi haka ya wulaƙanta hannun da ya zuba. A gidan Terziev na ƙauyen Lipnitsa, aikin ya faɗo wa Nevena tun tana budurwa, domin mahaifiyarsu ta rasu ta bar mata ƙane guda, Blagoy, wanda ko igiyar takalminsa bai iya ɗaurewa ba.

Ita ta zuba masa ruwa ranar da ya fara makaranta, da ranar da ya tafi soja, da ranar da ya hau jirgin ƙasa zuwa babban birni karatun shari'a. Nata karatun bai yi nisa ba. Ta bar shi ta kama gonar tattasai ta mahaifinsu a bakin kogi, kuma da tattasan nan aka ɗinka wa Blagoy kwat ɗinsa ta farko. Ta auri Dimcho, wani masunci mai yawan dariya, ya riga ta mutuwa, ya bar ta da gona da kuma harshen da ko limamin coci yake shakkarsa. Blagoy kuwa ya yi ta hawa, har ya zama mataimakin babban mai gabatar da ƙara na ƙasa.

Sai aka gina majemar fatu a saman kogi, ta surukin shugaban ƙasa. Ruwan ya koma baƙi-baƙi, yana wari. Kifi ya taso ciki sama, tattasai ya ƙone a tsaye, yaran da suka yi wanka suka fito da ƙuraje. Mutanen ƙauye suka kai kuka, Blagoy ya buɗe bincike, Nevena ta riƙa tafiya a kasuwa kamar ita ce gwamnati. Ba a daɗe ba aka ji an rufe binciken, wai babu isasshiyar hujja.

Da lokacin kaka Blagoy ya zo gida, ya tarar da Nevena a tsakar gida tana gasa tattasai.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai mai shari'a. Ina ƙararmu ta kwana?"

"Haba Yaya, ko ruwa ban sha ba."

"Na rijiya ko na kogi? Ci tattasai. Na saye ne, daga wani kwarin. Ni Nevena, ina sayen tattasai! Da Dimcho na raye da ya mutu da dariya."

Blagoy ya zauna a kan kututture, ya daɗe yana ɓare bawon tattasai ɗaya. Sa'an nan ya ce, "Shugaban ƙasa ne ya kira ni. Ya ce in rufe."

"Shi da bakinsa, ko wani karen gidansa?"

"Shi da bakinsa. Har ya tambayi lafiyarki."

"Allah sarki, mutumin kirki! Ka ce masa ƙalau nake, fatar hannuna ce kawai take saɓulewa." Ta juya tattasan da ke kan wuta. "Kai kuma ka ce masa me?"

Ya ci gaba da ɓare tattasansa. Ita kuwa ba ta ƙara tambaya ba, amma ranar da zai koma, tukunyar tagulla ba ta sauko daga kantar da ake ajiye ta ba.

Bayan wasu shekaru aka sanar cewa Blagoy Terziev zai ajiye aiki. Za a ba shi lambar yabo, a kuma tura shi jakadanci wata ƙasa mai bakin teku. Jaridu suka shiga tambaya ko zai faɗi abin da ya sani kafin ya tafi. A gidan shan kofi na Lipnitsa tsofaffi suka rabu biyu: wasu suka ce ɗan Terziev ne, ba zai tafi da magana a ciki ba, wasu suka ce ba su taɓa ganin wanda ya yi magana da lamba a ƙirji ba. Nevena ba ta shiga musun ba. Abin da ya dame ta guda ne: tana son ta san ko yaron da ta rena yana nan cikin wannan kwat ɗin, ko kuwa ya daɗe da fita.

Matar Blagoy, Ralitsa, ce ta buga mata waya. "Yaya Nevena, don Allah ki zo ki zuba masa ruwa. Masu shirya bikin sun ce zai yi kyau a talabijin. Ki sa ɗankwalin nan naki mai fure."

"Zan zo, 'yar nan. Da ɗankwalin da komai."

Ranar bikin da safe ta gangara kogi da kwalba, ta cika, ta toshe ta da kyau, ta hau bas. A ƙofar ma'aikatar shari'a 'yan sanda suna caje kowa, har jakunkunan matan manya. Da suka ga tsohuwa da tukunyar tagulla da reshen fure a ciki, sai suka dare mata hanya, ɗayansu ma ya ce, "Wuce, Goggo, Allah ya ba da sa'a." Wa zai leƙa tukunyar da uwarsa ma take da irinta? A bayan wani ginshiƙi ta juye kwalbar a cikin tukunyar.

Blagoy ya fito saman matakala, lambar tana ƙyalli a ƙirjinsa, minista a damansa, wakilin shugaban ƙasa a hagunsa, 'yan jarida a ƙasa da na'urorinsu. Ya riga ya karanta jawabin godiya a ciki, bai ce komai ba sai alheri. Mota tana jiransa. Nevena ta matso, ta ɗaga tukunya, ta zuba.

Ruwan ya bi farin dutsen matakala, baƙi-baƙi, da kumfa. Warin ya isa hancin minista kafin fahimta ta isa kansa.

"Baiwar Allah, mene ne wannan?"

"Ruwan garinmu ne, Yallaɓai. Ku kuka ce lafiyarsa ƙalau." Ta juya ga ƙanenta. "Taka, Blago. Allah ya sa al'amarinka ya gudana kamar ruwan nan."

"Yaya," ya ce a hankali, "a gaban mutane?"

"A tsakar gida na tambaye ka, ba ka amsa ba. Taka, ko ka kewaye, kowa ya gani."

Wakilin shugaban ƙasa ya kama gwiwar hannunsa, yana nuna masa gefen da yake a bushe. Taku biyu ne kawai zuwa can, daga nan sai mota, sai bakin teku. Blagoy ya dubi gefen, ya dubi hannun yayarsa da ke riƙe da tukunya, hannun da ruwan nan ya cinye wa fata. Ya zare gwiwarsa, ya sa sabon takalminsa a tsakiyar ruwan, ya tsaya a ciki. Daga nan ya dubi 'yan jarida.

"Jawabina bai cika ba," in ji shi. "Akwai hujja a ƙarar kogin Lipnitsa, isasshiya. Shugaban ƙasa ne ya kira ni da kansa ya ce in rufe, ni kuma na rufe. Zan maimaita wannan a gaban kowace kotu."

Jakadanci bai yiwu ba, kuma an tuhume shi da tona asirin aiki. Majemar tana nan tana aiki har yau, sai dai an sake buɗe ƙarar, an kuma sa Blagoy cikin shaidu. Yanzu yana yawan zuwa Lipnitsa, yana taya gashin tattasai, yana ƙonawa, Nevena tana cewa ba ta taɓa ganin mai digiri marar amfani irinsa ba. Tukunyar kuwa ta goge ta da toka da lemun tsami har ta yi ƙyalli. Ta ce ranar da zai tafi kotu ba da shaida za ta sauko da ita, kuma wannan karon daga rijiya za ta ɗebo.