Na Yaye 'Yata Don Anko Ya Zauna Mini

Akwai wautar da mutum zai tafka a ƙuruciya, shekaru su wuce ta zama abin dariya a wajen hira. Wannan tawa ta ƙi zama haka. Yarinyar yau tana aji biyar a firamare, ta iso kafaɗata, amma ba na jin akwai ranar da zan manta da yadda na yaye ta da kuma dalilin da ya sa na yi.

Ni 'yar Fagge ce, a nan aka haife ni, a nan na yi aure. Maigidana yana da shago a Kasuwar Singa, yana sayar da shinkafa da taliya da mai. Da na yi haihuwar fari aka mayar da ni gidan Innata a Rijiyar Lemo wankan jego. Duk wadda ta yi jego a hannun tsohuwa ta san abin da nake nufi. Kunun kanwa da safe, farfesun kaza, gasasshen nama da yaji, tuwo da miyar kuka ta sha man shanu, kuma ba tambayarki ake ko kina jin yunwa ba. Ranar da na yi arba'in na koma ɗakina na yi ɓul-ɓul, fata tana sheƙi, duk wanda ya gan ni sai ya ce jego ya karɓe ni. Na ji daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata.

To, a gidana babu Inna. Yarinyar kuma Allah ya yi ta da tsotso, ba ta san wasa da nono ba. Ni ce wanki, ni ce girki, ni ce goyo. Sai in sha shayi da biredi da safe, ban ƙara sa komai a bakina ba sai bayan la'asar. Yanzu da hankali ya zo na gane ni na bar kaina da yunwa, jikin da yake ciyar da mutum biyu ina ba shi abincin rabin mutum. A lokacin kuwa gani nake yarinyar ce take cinye ni. Kafin ta cika wata tara ƙasusuwan wuyana sun fito, awarwarona yana zamewa har gwiwar hannu, zanin da nake ɗaurawa daidai ya koma sai na ninka.

Abin ya fara cin raina ne a wani taron suna a Sabon Gari. Ina shiga da goyo, goggona, ƙanwar babana, mace mai baki ba linzami, ta kama hannuna ta ɗaga sama kamar mai taya kaza.

"Ke 'yar nan, lafiya kuwa? Mijinki yana zaune tsakiyar buhunan shinkafa a Singa, ke kin koma muciya? Ko sayarwa kawai ya iya, ba ya kawowa gida?"

Tsakar gida ta ɗauki dariya. Wata daga gefe ta ce, "Ai 'yar ce ke tsotse ta. Ba za ta dawo ba sai ta yaye." Na yi murmushin yaƙe, na ci shinkafata a kunyace. A adaidaita sahu a hanyar komawa gida na yi kuka, ba don kaina kaɗai ba, har don an taɓa mutuncin maigidana, mutumin da bai taɓa barin ɗakin ajiyarmu ya bushe ba.

Ga shi saura wata biyu bikin ƙanwata. An fitar da anko, na kai wa telata. Ta auna ni, ta duba tsohon awona a littafinta, ta sake aunawa, sannan ta ce, "Anti, in na ɗinka da wancan awon mutum biyu za su shiga." Da wasa ta faɗa. Ni kuma na ce ta ɗinka da tsohon awon, zan cika shi.

Akwai maƙwabciyarmu Bayarabiya, haifaffiyar Sabon Gari, Hausarta ta fi tawa, 'ya'yanta biyar. Iya muke ce mata. Ita na fara kai wa kukana. Tana tsince wake ta saurare ni, ta ce, "Ramar shayarwa ba ciwo ba ce, 'yata. Duk biyar ɗin nan haka nake komawa. Ki ci abinci, ki sha ruwa, ki sami barcin rana. In kin yaye, jikin zai dawo har ki roƙe shi ya tsaya." Na ce to, amma a raina cewa nake wadda ta cika kujera ai dole ta ga rama ba komai ba ce.

Wata ƙawata ce ta ba ni labarin ƙwayoyin da ake ce wa sha ka fashe. Ta raka ni wani ɗan kyamis a cikin Sabon Gari, mai shagon ya ƙirgo su a farar leda, babu kwali, babu suna. Sai ya dubi goyon da ke bayana ya ce, "Madam, in kina ba da nono kar ki sha wannan." Kun ji, har mai sayarwa ya ji tsoron Allah a kan 'yata fiye da ni. Ni abin da na ɗauka a maganarsa ɗaya ne, wato sai na yaye.

A gidanmu ba a yaye yaro sai ya haura shekara ɗaya da rabi, kuma wurin kaka ake kai shi. 'Yata watanta goma. Na san in na je wa Inna da zancen rama da anko, da tsintsiya za ta rako ni. Dalili ɗaya ne tak yake sa tsofaffinmu su karɓi yaye da wuri ba gardama, shi ne kwanika, wato mace ta sami ciki tana goyo, don sun yarda nonon mai ciki yana cutar da yaro. Na san wannan sarai.

Maigidana na ce masa jiri nake yawan ji, jikina ba zai iya ba. Ya ce yarinyar ta yi ƙanƙanta, amma harkar mata ce, in je in ji ta bakin Inna. Kwana biyu kafin in kai ta na shafa maɗaci a nono. Ta rarrafo da murnarta ta kama, sai ta saki, ta ɗago ta kalle ni, leɓenta yana rawa. Ta sake gwadawa, ta sake saki. Wannan kallo har yau yana zuwa mini.

Ranar Asabar da hantsi na isa Rijiyar Lemo da jakar kayanta. Inna tana tankaɗe. Na ce yaye na kawo.

Ta ajiye rariya. "Yaye? Wata goma? Kanki ɗaya kuwa?"

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ga ramar, sai muryarta ta sauka. "Ko dai an samu ne?"

Ban ce e ba. Sunkuyar da kai kawai na yi ina wasa da bakin mayafina. A wajenmu 'ya ba ta buɗe baki ta gaya wa uwarta tana da ciki, sunkuyon nan shi ne amsa, ni kuma na san haka za ta fassara shi. Shekaru na yi ina lallashin kaina cewa ai ban furta ƙarya ba. Ƙarya ce, har ta fi ta baki muni, don da kunyar da ta koya mini na yaudare ta.

"Allah ya raba lafiya," in ji Inna. "Miƙo ta nan. Kar ki ƙara ba ta ko ɗigo."

Na fita ina jin kukanta har bakin titi. Daren farko na fara shan ƙwayoyin.

Sun yi aiki kuwa. Yunwa ta taso mini irin wadda ban taɓa sani ba, in ci malmala uku in nemi ƙari. Cikin sati uku kumatuna suka cika, wuya ya rufe, tumbi ya turo, amma hannu da ƙafa suna nan jiya i yau. Tumbin nan sai ya zame wa ƙaryata shaida. Inna ta riƙa aiko mini da tsamiya da lemon tsami, tana saƙo kar in ɗauki bokitin ruwa. In na je duba yarinyar ba a bari ta gan ni, kar ta tuna nono, sai in leƙa ta taga. Inna ta ce ba ta son kunu, sai an yi da gaske take karɓar cokali biyu. Na ce za ta saba.

Ranar biki anko ya zauna ɗas. Goggo ta tafa hannu ta ce, "Yawwa, yanzu na ga matar ɗan Singa!" Aka yi ta hotuna. A cikin hotunan nan akwai guda da ba na iya kallo: ni a gaba fuska kamar an hura, a gefe Inna da 'yata a kafaɗa, wuyanta ya yi siriri, idanunta sun yi zuru-zuru. Ramar da na gudu ita na sauke wa yarinyar, kuma a ranar ban ma lura ba.

Kwana huɗu bayan biki aka kira ni da rana tsaka, gudawa da amai. Kafin mu isa asibiti ta yi laushi, ko kukan kirki ba ta iyawa. Da ƙyar aka sami jijiya aka sa mata ƙarin ruwa. Wata nas, babbar mace mai gilashi, ta ce mini, "Maman yarinya, zauna ki ba ta nono. Duk abin da ta ƙi, wannan ba za ta ƙi ba."

Inna ta amsa a madadina. "An yaye ta, 'yar nan. Uwar juna biyu gare ta."

"Ko da ciki ai ana shayarwa, Hajiya. Wata nawa ne cikin? Kin fara awo?"

Ni take tambaya. Na dubi 'yata a kwance da allura a hannu, na ga sunkuyo ba zai fisshe ni ba a nan. Na ce, "Ba ni da ciki." Na buɗe jaka na fito da farar ledar na miƙa mata, na faɗi komai, har zancen anko.

Nas ɗin ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce in gwada duk da haka, in yarinyar tana tsotsa ruwan yana iya dawowa. Na ɗauke ta a hankali, na sa ta a ƙirjina. Ta shinshina, ta kawar da kai. Na juya ta ɗaya gefen, ta tura ni da ɗan hannunta marar allura, ta miƙa shi wajen Inna. Kwana shida muka yi a asibitin, kullum ina gwadawa, ba ta taɓa karɓa ba.

A ranar farkon nan, nas ta fita ta bar mu. Inna tana jijjiga yarinyar, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Da hannuna kika sa na raba ta da abincinta. Tana kuka tana neman ki, ina cewa taimakonta nake." Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Maigidana da ya ji, cewa ya yi, "Ni na taɓa ce miki kin rame?" Bai taɓa ba. Ban ma taɓa tambayarsa ba.

Allah ya tashi kafaɗar yarinyar. Ni kuma likita ya ce ƙwayoyin sun hau da jinina, kuma ba a yanke su rana ɗaya, sai da aka yi ta rage mini a hankali. Bayan nan jikin da Iya ta ce zai dawo ya dawo, ya haɗu da na magani, ya yi mini yawa. Shekara biyu na yi ina rage tuwon dare da lemon kwalba, ina taka ƙafa daga Fagge zuwa kasuwa, kafin gwiwoyina su huta. A wani biki goggon nan dai ta ce in yi hankali kar in karya musu kujera. Da na haifi na biyu na sake ramewa, na ci abincina sau uku har da ƙari, na shayar da shi wata ashirin, wanda ya yi magana in ce masa na gode.

Abin da na koya shi ne jikin mai shayarwa aiki yake yi, rama da ƙiba duk cikin aikin suke, abin da yake nema abinci ne da hutu da haƙuri, in abin ya wuce misali a je asibiti. Bakin mutane kuwa ba a cika shi, kowane awo kika zo da shi suna da abin faɗa. Jikina ya tafi ya dawo sau nawa tun daga lokacin. Amma da aka sallame mu 'yata ta ƙi yarda da ni, dole aka bar ta wurin Inna wata huɗu. A can ta fara tafiya. Ni uwarta, a waya aka gaya mini.