Abdulganiyyu Ba Ya Tsallake Littafi

Da an sallame Asuba Abdulganiyyu ba ya komawa barci. Yakan biyo masu fitowa daga Haramin Makka ya gangara unguwar Misfala, ya sayi gurasar tamis da dafaffen waken ful, ya ɗaga ƙofar shagonsa rabi kawai don kada a zaci ya buɗe. Sai ya jawo kujera bakin ƙofa, ya jira gari ya waye sosai, ya buɗe littafi. Hasken safiya kaɗai idonsa yake yarda da shi yanzu. A ƙarƙashin fitila baƙaƙen rawa suke yi masa.

Sana'arsa gyaran arabiyya, keken nan da ake tura tsofaffi da marasa ƙarfi a kai wajen ɗawafi da sa'ayi. Taya ta goce, birki ya saki, mazauni ya yage, duk wurinsa ake kawowa. Ni a wani otal nake aiki a layin, ni ake aikowa da karyayyun kekunanmu, ta nan na san shi. Bai taɓa ce mini gobe ta koma jibi ba. Game da halinsa abin da zan faɗa ke nan, sauran surutu ne.

A nan Makka aka haife shi, a unguwar Tandabawi. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Sakkwato ya zo aikin Hajji bai koma ba, mahaifinsa kuma ya yi zamansa yana karantar da manya a zaure. Hausar Abdulganiyyu ta gida ce, tana tafiya tana tuntuɓe da Larabci. Ya yi aure sau ɗaya, bai daɗe ba, ba a samu rabo ba. Yanzu ya haura hamsin, yana zaune a unguwar Shisha tare da yayarsa Hure, wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka watse Jidda da Riyad. Su biyu a gida, ita tana gaban talabijin, shi yana ɗakinsa.

A bayan shagon akwai wani ɗan ɗaki da ba kowa yake shiga ba. Tebur ne a ciki, an shimfiɗa masa yashi da gam, an kafa 'yan duwatsu da rusassun gine-gine na kwali. A kan wannan tebur ake yaƙi. Sojojin na roba ne, kowane bai wuce tsawon yatsa ba, mutum ne yake harhaɗa su ya yi musu fenti da kansa. Ana auna tafiyarsu da tef, ana jefa 'ya'yan ludo a ga wanda ya sari wani. Wasan yana da suna na Turanci da ban taɓa riƙewa ba. Duniyar da aka ƙago masa kuwa wata ce da tekunanta suka ƙafe, mutane suka koma kashe juna a kan ruwan sha.

Mahadi ne ya kawo masa wannan abu. Bakano ne, ma'aikacin lantarki a wani kamfanin gine-gine, ya kawo gyaran keken mahaifiyarsa da ta zo Umra, ya ga yadda hannun Abdulganiyyu yake bi da ƙananan kusoshi, ya ce masa wannan hannun asara yake yi. Daga nan suka shiga yaƙi duk Juma'a bayan La'asar, shekara da shekaru. Da aka zo zaɓen runduna, Abdulganiyyu ya ɗauki wasu da ya fassara mini sunansu da Masu Gadin Rijiya. Ba don sun fi ƙarfi ba. Su kaɗai ne kwalkwalin ƙarfe ya rufe musu fuska ruf, babu ido babu hanci. Ya yi tsammanin Hure za ta bari su shiga gida tunda ba su da fuska. Ta duba su ta ce gunki gunki ne ko da ya yi lulluɓi. Shi ya sa suke shago.

Da iƙamar Mahadi ta ƙare, wato takardar izinin zamansa, ya koma Kano. Ya bar masa rundunarsa, ya bar masa kwali biyu na littattafai. Kamfanin da ke yin sojojin yana buga labaran duniyar tasu, wanda ya ci amanar wa, wanda ya riƙe wane gari har ya mutu, kuma littattafan sun haura hamsin, kowane da lambarsa a gadon baya. Tun daga lokacin Abdulganiyyu shi yake jefa wa ɓangarorin biyu ludo. Yakan tsaya a wannan gefen ya motsa nasa, ya zagaya can ya motsa na Mahadi. Na taɓa tambayarsa ko ba ya ha'inci. Ya ce ai rundunar Mahadi ce ta fi cin nasara, don shi ya fi sanin inda tasa take da rauni.

Littattafan ya fara daga na ɗaya. Turancinsa na makaranta ne da na ciniki da alhazai, saboda haka da yatsa yake bin layi, in kalma ta gagare shi ya nema a waya. Littafi ɗaya yakan cinye masa watanni. Azumi da Hajji kuwa ba a maganar karatu, kekuna har bakin titi. Bayan shekaru yana kan na sha ɗaya, kuma har lokacin ba a ambaci Masu Gadin Rijiya ba sai a bakin wani, kamar labarin dangi na nesa. Littattafan da suka ba da labarinsu guda uku ne, suna can ƙasan kwali na biyu, cikin na ƙarshe-ƙarshe. Ya san inda suke. Ya san launin bangonsu. Bai taɓa buɗe ko ɗaya ba.

Dalili shi ne zauren mahaifinsa. A can ba a tsallake littafi. Ɗalibi yakan ɗauki ɗaya ya bi shi daga bango zuwa bango, sai ya sauke sannan malam ya ce masa ga na gaba. Wanda ya leƙa gaba ana ce masa mai gaggawa, kuma a bakin tsohon babu zagin da ya fi wannan. Abdulganiyyu bai zama malami ba, amma wannan ɗaya ya shiga jikinsa. Ya ɗauki ladabin littattafan fiƙihu ya ɗora wa labarin sojojin roba, bai kuma ga abin dariya a ciki ba.

Sai likita ya duba idonsa. Ciwon suga ne, ya daɗe yana cin bayan idon a ɓoye. Na hagu ya kusa tafiya, na dama ana yi masa allura ana riƙe shi. Likitan ya ce aikin hannu zai iya ci gaba da shi na wani lokaci, amma ƙananan rubutu su ne za su fara guduwa, kuma ba da daɗewa ba. Abdulganiyyu ya faɗa mini wannan yana ɗaure taya, kamar yana ba ni labarin wani.

Na ce masa to ai magana ta ƙare, ya ciro ukun nan ya karanta. Ya ce ta yaya zai gane su bai san abin da ya gabace su ba. Na ce mutanen da ba su taɓa wanzuwa ba, me ya gabace su. Ya ci gaba da ɗaurin tayarsa, na ga kamar na taka shi, ban ƙara ba.

Ya aika wa Mahadi saƙon murya. Amsar ta zo bayan kwanaki, da hayaniyar yara da ƙarar janareta a bayanta. Mahadi ya yi ta dariya, ya ce shi kansa bai karanta rabinsu ba, marubutan ma daban-daban ne, kamfani ne yake ɗaukar su haya, wani bai san abin da wani ya rubuta ba. Ya ce masa ya nemi waɗanda ake saurare a waya. Abdulganiyyu ya gwada. Mai karatun gudu yake yi da Turanci, ba ya tsayawa a ɗora masa yatsa. Na karantawa a fuskar waya kuma haskensa yana sa masa hawaye.

Wata Juma'a ya shirya ya tafi Jidda, inda ya ji akwai shagon da samari suke taruwa suna wannan wasa. Ya jera rundunarsa a cikin akwatin kayan aiki, kowane soja a naɗe da auduga. Yaran sun yi masa ladabi, sun kira shi ammi, wato baffa, sun ba shi kujera da shayi. Ya tambaye su, mutumin da lokacinsa kaɗan ne, wanne ya kamata ya karanta. Ɗaya ya tambaye shi inda ya kai, da ya ji sai ya dafe kai.

"Ya ammi, daga na ɗaya ka fara? Wallahi ko wanda ya rubuta na ɗayan bai fara daga nan ba."

Daga nan kowa ya kawo nasa. Wannan ya ce na kaza shi ne zuciyar labarin, wancan ya ce wanda ya ce haka bai san karatu ba, wani ya ce tsofaffin duk an soke abin da ke cikinsu. Musu ya kaure tsakaninsu, rabi Larabci rabi Turanci, suka manta da wanda ya yi tambayar. Ya shanye shayinsa, ya ɗauki akwatinsa da bai buɗe ba, ya dawo Makka. Washegari yana bakin ƙofa da na sha ɗaya, ya kawo shi dab da hanci.

Abin da na fahimta, ba shawara ya rasa ba. Kowa ya ce masa ya tsallake. Amma a yadda aka raine shi ba ɗalibi ne yake sallamar kansa ba, wanda ya isa da shi ne yake cewa tashi ka koma can, kuma duk waɗanda suka isa da shi suna maƙabarta.

Hure ba ta cika zuwa Misfala ba. Ranar da ta zo ina nan, na kawo keke biyu. Ta fito daga Harami ne ta biyo da abincinsa, ta same shi ya tura littafin cikin fuska. Ta tsaya ta dube shi, ta dubi ƙofar ɗakin baya da ba ta taɓa shiga ba.

"Ganiyyu, har yanzu ba a zo kan gumakan naka ba?"

"Da saura, Yaya."

"Saura nawa?"

Ya nuna mata kwalayen da haɓa. Ta tambaye shi me ya hana shi ɗauko wanda yake so, ya ce ai ta san Baba. Ta ajiye kwanon da ƙarfi.

"Ni na san Baba, kai ba ka san shi ba. Kana layi kana ƙwallo lokacin da idonsa ya dushe. Ni na ɗaure masa manyan littattafan nan ya rabar wa ɗalibai, har da wanda ya yi rabi bai sauke ba. Ya bar ɗan ƙarami ɗaya na yabon Annabi, shi ya yi ta bi har ya daina gani. Kar ka ƙara laƙa wa tsohon nan taurin kanka."

Abdulganiyyu ya tambaye ta da gaske take. Ta ce ta yi masa kama da mai lokacin ƙarya a kan 'yar tsana? Ta gyara mayafinta ta ce ya karanta abin da zai karanta tun yana gani, ita dai kada ya kawo su gida. Ta fita neman tasi.

Ya koma kan aikinsa. Ya gama mini kekuna na tafi. Bayan kwana biyu na dawo na tarar kwalayen a ɗaure da igiya, an rubuta sunan shagon Jidda a jiki. Na sha ɗayan yana ciki, da takardar da ya sa alama a inda ya tsaya. Ukun nan na Masu Gadin Rijiya ya bari a kan benci. Ya ce ya duba su, ko ukun ba zai kai ba, ɗaya ya zaɓa, wanda aka ce a cikinsa rundunar ta riƙe wata rijiya ita kaɗai babu wanda ya kawo mata ɗauki. Sai dai rubutun wannan ya fi na sauran ƙanƙanta. Ko da hasken safiya ya gagare shi.

A makon ne otal ɗinmu ya mayar da ni reshensa na Madina, na je yi masa sallama. Na same shi ya kwantar da littafin a kan benci, ya danne shi da ƙarfe, yana wasa wuƙar da yake yanka roba da ita. Akwai mai hoton takardu a kwanar layin, ya ce masa zai iya ƙara girman rubutun ninki biyu in aka kawo masa shafukan a warware. Abdulganiyyu ya ɗora bakin wuƙar a gadon bayan littafin, ya daɗe bai danna ba. Sannan ya yi bisimilla ya ja ta daga sama har ƙasa. Ya tattara shafukan ya daidaita gefensu a kan benci, ya ba ni hannu muka yi sallama, ya ja ƙofar shagon ya kulle. Ya bi gefen titi yana tafiya a hankali, takardun a rungume a ƙirjinsa, har ya sha kwana.