Kiryar Baba Illa

Duk abin da ɗan Adam ya gina a ƙasarmu, sarauta da kasuwa da karatu da zumunci, a kan gungume guda yake rataye, wanda ake gittawa a bakin rijiya igiya ta bi ta kansa. Malaman tarihi sun cika littattafai da sarakuna da yaƙe-yaƙensu, amma ban taɓa ganin wanda ya ba wannan itace ko layi ɗaya ba, alhali babu sarkin da ya taɓa yanke hukunci mai kyau da ƙishirwa a maƙogwaro.

Ƙauyenmu yana can arewa da Urafane, inda rijiya ke da zurfin da in ka jefa tsakuwa sai ka manta da ita kafin ta amsa. Mahaifina, Haruna, shi ne mai yasar rijiyar garin. In ruwa ya ja baya, shi ake ɗaura wa igiya a ƙugu a zura shi ƙasa ya kwashe laka. Ƙanensa kuma, Baba Illa, itace yake sayarwa. Kirya, wadda gara ke karya haƙori a kanta, ta riga ta ƙare a dajinmu, maƙera da masassaƙan turmi sun gama da ita. Abin da ya rage sai bedi, wato dogon yaro, wanda ba a ɗauke shi bakin komai ba sai inuwa da maganin zazzaɓi. Baba Illa ya ga cewa abin da ke tsakanin bedi da kirya launi ne da nauyi, kuma duka biyun ana iya samar da su. Yakan sare bedi ya binne shi cikin lakar tabki har ya yi duhu ya yi nauyi, ya shafe shi da baƙin man mota, ya turara shi da hayaƙi, sannan ya ɗora a amalanke zuwa kasuwa da sabon suna. Duk gidan mun sani. Duk gidan kuma mun ci tuwon.

A ƙarshen wani lokacin ɗari tsohon gungumen rijiyarmu ya tsage. Mutanen gari suka yi karo-karo suka sayi sabo, a wurin Baba Illa. Mahaifina ya san ko mene ne, amma ba ya tona wa ƙanensa asiri. Kakarmu ma ta sani. To amma mahaifina ɗan farinta ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta taɓa nuna ta damu ko ya ci ko bai ci ba. “Wancan” take ce masa. Matar da kunya ta hana ta tambayi ɗanta ya gajiya, ta yaya za ta buɗe baki ta roƙar masa rai?

Ana gobe yasar rijiya, bayan isha, muka kewaye wutar kara a ƙofar ɗakinta kamar kullum. Mahaifina na gefe yana duba igiyarsa taƙi bayan taƙi. Baba Illa na kishingiɗe da rediyo a kunne.

“Illa, kashe abin nan,” in ji Kaka. Sannan ta zungure ni da ƙafa. “Kai, mijina, matso. Ga ta nan, mai tsoro shi riƙe na kusa da shi.”

Muka ce ta zo, mun riƙe.

Kaka ba ta san tatsuniyar da ake mutuwa cikin lalama ba, amma ta wannan dare ta fi ƙarfin saura. Wai an yi wani mai gatari, Tanko, da ke rina ruɓaɓɓen gawo yana sayarwa da sunan kirya. Wani gari suka saya suka gitta a rijiya, suka zura mai yasarsu. Yana tsakiyar rami itacen ya ce ƙas. Mutumin ya tafi ƙasa, rabin gungumen ya bi shi ya same shi a can, ya fasa masa kai kamar duma. Igiya ta fizge yatsun wanda ke riƙe da ita, aka gan su a ƙasa suna motsi. Da aka jefa guga, abin da ya fito ja ne, da gashi a ciki.

“Uwar mamacin fa?” in ji ƙanwata.

“Uwatai ba ta yi kuka ba. Ɗan fari ne, ina ita ina kuka gaban mutane? Gatari ta ɗauka.”

Aka kamo Tanko a kasuwa, aka jawo shi a ƙasa har fatar bayansa ta saɓule. Uwar ta ce kada a kashe shi, a bar shi ya zaɓi gungume mafi kyau cikin hajarsa. Ya yi ta zagaye yana ƙwanƙwasawa yana kuka, don ya san cikin kowanne. Aka ɗaure shi ta ƙafa aka zura shi kai ƙasa, yana jin itacensa na ƙara a sama. Da ya yi nisa bai karye ba, sai tsohuwar ta taimaka masa da sara ɗaya. Suka tura sauran itacen a kansa, suka cinna wuta.

“Ƙurunƙus,” in ji Kaka, “bisa kan wanda ya ji a jikinai.”

Ba wanda ya yi dariya. Baba Illa ya yi miƙa ya ce, “Inna, kina hana yara kwana da wagga magana.”

“Yara za su kwana, ɗan nema. Kai dai ka gwada.”

Ya kwana lafiya lau, mun ji minsharinsa. Wannan shi ne darasina na farko game da ƙarfin adabi.

Da safe gari ya taru, an ɗora gungumen bisa gwafanni, mahaifina yana ɗaura igiya. Sai ga Kaka da sandarta. Ba ta dubi inda yake ba, mai gari ta fuskanta.

“Ranka shi daɗe, ku nan ba ku san al'ada ba? A Attantane inda aka haife ni, mai itace shi ka fara shiga. Albarka ce ake nemar wa rijiya.”

Na je Attantane da na girma, na tambayi tsofaffi. Ba wanda ya taɓa jin wannan al'ada. Amma a ranar ta yi wa kowa daɗi. Samari suka yi caa a kan Baba Illa suna masa kirarin sarkin kirya, suka ɗaure shi yana murmushin yaƙe, suka zura. Ya yi ƙasa har muka daina ganin hularsa. Sai gungumen ya yi ƴar ƙara, irin wadda kowane itace ke yi in ya ji nauyi.

“Ku hid da ni!” Muryarsa ta fito daga ramin kamar ta akuyar da ake yankawa. “Bedi ne! Wallahi bedi ne!”

Sun fid da shi. Da jiƙaƙƙiyar igiya suka fara dukansa, sannan sanduna. Na ga haƙorinsa a cikin yashi, na ji ƙarar hannunsa lokacin da ya karye. Kaka ta yar da sandarta ta kwanta a kansa, wani bai iya tsayar da hannu ba, dukan ya sauka a kunnenta, jini ya bi wuyanta har zane. A nan kowa ya tsaya. Daga ranar ba ta ƙara ji da wannan kunne ba.

Sai aka dawo kan maganar da duka bai warware ba. Babu kirya ko'ina, dabbobi na kuka, tuluna sun yi layi. Mahaifina ya kwance igiyar daga jikin ƙanensa ya ɗaura a nasa, ya yi bisimilla ya sauka a kan wannan bedin dai. Kaka ta juya ta nufi gida. Sai da rana ta take ta ce wa mahaifiyata, tana kallon bango, “Ke, leƙa ki gani ko wancan ya hito.”

Na daɗe ina juya wannan tatsuniya. Ina lakwal, wato makarantar boko, na ɗauke ta wa'azi a kan ha'inci, har na rubuta haka malaminmu, da muke ce wa mushe, ya yaba. Daga baya na gane ba ta damu da ha'inci ba ko kaɗan, ai da kuɗin bedi ake saya mata goro. Tatsuniyar ita ce kaɗai ƙofar da al'ada ta bar mata ta ce tana son ɗanta, kuma da ƙofar ta ƙi buɗuwa, ta ba da ɗa guda ga sanduna don ta ceci ɗayan, ta biya da kunnenta. Har yau in na ji ana cewa gaskiya ita ce ke ɗaukar nauyi, ƙarya kuwa karyewa take, nakan gyaɗa kai, don haka aka koya mana, haka ni ma nake koya wa yara.

Gungumen yana nan a bakin rijiyar, bai taɓa ko tsagewa ba. Rijiyar ce ta ƙafe.