Katakon Raguna

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar bisashe ta Dogon Dutsi ya san katakon da nake nufi. In kamyo zai ɗauki raguna zuwa kudu, sai a jingina masa katako mai faɗi ta baya, a riƙa turo su suna hawa suna kuka, wani na jan ƙaho, wani na murɗa wutsiya. Tun ina kai wa babanmu fura a kasuwa nake ganin haka. A sanina, abin da ke hawa mota ta kan katako dabba ce, ko buhu.

Ɗiyata ta fari, ƙafarta ta hagu ta shanye tun tana rarrafe. Tsofaffin gidanmu suka ce aljana Doguwa ce ta taɓa ta. Yayana ya ce mu bar wannan zance, ciwo ne da likita ya sani. Ni ban yi gardama da kowa ba, goyo na ci gaba da yi har ta girma, ƙafafunta na bugun bayan gwiwata. Dokin ƙofar ɗakina dogo ne saboda ruwan damina. Ni ke ɗaga ta ta shiga, ni ke ɗaga ta ta fita, ko ina tsakiyar tuƙa tuwo.

Yayan nawa albasa yake saidawa a wani gari can wajen teku. Shi ya aiko muka je aka yi mata takalmin ƙarfe da sanduna biyu. Ran da ta fara takawa da su, ta dube ni ta ce, “Inna, goyo ya ƙare.” Na ce ya ƙare. A raina kuwa ban yarda ba.

Ran lahadi Yaya ya ce zai kai mu mu ga jirgin ƙasa na zamanin Nasara, mai cin gawayi da ruwa. An aje shi ne don masu kallo, yana ɗan zagawa da mutane ya dawo da su. Ni in na shiga baƙon wuri ba abin kallo nake fara dubawa ba. Na duba inuwa, na ga rumfa da bencina. Na duba ruwa, na ga famfo, har Yaya ya yi alwala. Na leƙa ban ɗakin mata, ƙofarsa da faɗi, an kafa wani ƙarfe a jikin bango, na rataya mayafina a kai na ce mutanen nan sun yi dabara. Sai daga baya na gane na dafawa ne ga masu lalura.

Shi kuwa jirgin, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, yana huci yana zubar da ruwa ta ƙasa, warinsa irin na maƙera. Na ja ɗiyata baya kada tartsatsi ya faɗa mata a hijabi. Ita ko ƙiftawa ba ta yi. Matakalar jirgin ta fi damuna. Ta ƙarfe ce, ta farko ta kai gwiwata, tsakaninta da daɓen da muke tsaye akwai rami. Nan take na fara gyara ɗaurin zanena.

Wata madam mai hula, ita ke karɓar tikiti, ta ga sandunan, ta yafuto mu zuwa tarago na ƙarshe. Ta yi magana, maza biyu suka jawo katako mai faɗi suka jingina a ƙofa. Ta nuna wa ɗiyata tana murmushi.

Ga mutane can suna hawa ta matakala da kyawawan kaya, mu an kawo mu baya an aje mana katako.

“Yaya, gaya mata ɗiyata ba tunkiya ba ce.”

“Auta, mi kike faɗi haka?”

“Ba ka gani? Katakon raguna ne. Don sun gan mu baƙi.”

Ya so ya yi dariya, ya dubi fuskata ya haɗiye. Ya ce don masu lalura aka yi shi, amma shi ma muryarsa ba ƙarfi, don a kasuwa ɗaya muka tashi. Na durƙusa na ba ɗiyata baya. “Zo, mu hau ta inda mutane ke hawa.”

Ba ta motsa ba. Ta ce a hankali, “Inna, kin ce ya ƙare.”

Jirgin ya yi wata ƙara da ta shiga mini har ciki. Ina durƙushe, ban san ta inda zan ɓullo ba. In na goya ta a gaban jama'a na karya mata zuciya. In na bar ta, ga katako.

Sai ga wani dattijo cikin keken guragu, da tabarau da farar riga mai guga, matarsa na tura shi. Mazan nan biyu suka rusuna suka gaishe shi. Aka hau da shi ta kan katakon, kansa a sama, ya waiwayo ya yi wa ɗiyata alama da hannu wai ta biyo shi in ta isa.

Ba ta tambaye ni ba. Ta kafa sanda, ta ja ƙafa, ta sake kafawa. Ƙwas, ƙwas. Na miƙe na bi ta hannuwa a buɗe kamar mai korar kaza, Yaya ya riƙe mini gefen mayafi. Ashe an buga ƙananan itatuwa a gicciye, sandar na samun wurin tokara. Ta kai ƙofa ta juyo tana haki, haƙora duka waje.

Yaya ya ce, “To Auta, hau mana. Ko sai an murɗa miki wutsiya?”

Ta katakon na hau. Tafiyar jirgin ban riƙe da yawa ba, ban da hayaƙi ta taga da ɗiyata na ihu tana nuna itatuwan kwakwa. Hankalina na kan katakon. Da za mu sauka na auna faɗinsa da tafin ƙafata, na lura da yadda aka kwantar da shi bai miƙe sosai ba.

Da muka koma gida na sa aka kawo mini laka a amalanke. Ban fasa dokin ƙofa ba, ruwa zai shiga. Gangara na yi masa ciki da waje, na danna tsakuwa layi-layi a gicciye tun lakar na ɗanya. Uwar mijina ta tsaya a kaina ta ce, “Ke ɗiyar nan, hanya kike yi wa awaki.”

Gaskiyarta, suna shiga. Ko jiya na kori ɗan akuya daga kan gadona. Amma yanzu ina tuƙa tuwo sai in ji ƙwas, ƙwas ta bayana, ta shiga ta ɗauko littafinta na lakwal, wato makarantar boko, ta fito, ba ta kira ni ba.